Littattafan da Ya-Fito Yake Kaiwa Gida

A ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, akwai wani ɗan shagon littattafai wanda idan mutum ya buɗe hannuwansa zai taɓa bango biyu. Mai shagon, ba kowa ya san sunansa na gaskiya ba. Ya-Fito ake ce masa, domin duk ranar da mota ta sauke masa kwali, sai ya farke shi da mabuɗin shago, ya ɗaga littafi sama yana gaya wa masu wucewa, "Ya fito! Ya fito!" Tun ana yi masa dariya har sunan ya bi shi, ya tsufa da shi.

Akwai wani tebur a bakin ƙofa wanda sababbi kaɗai ke hawa. Na labarai a dama, na ilimi a hagu, na yara kuma a kan benci ƙasa-ƙasa inda hannunsu zai kai. In ka tsaya kana jujjuya wani, sai ka ji muryarsa a kafaɗarka: "Ajiye wannan, ba naka ba ne. Ga naka nan." Kuma sau da yawa yakan dace. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, Ya-Fito bai cika wuce bangon baya da shafin farko ba. Duk wanda ya saya sai ya ce masa, "In ka gama ka dawo ka ba ni labari." Abin da malamin makaranta ya gaya masa da safe, shi zai gaya wa ma'aikaciyar asibiti da rana, har da ƙarin gishiri. Ba ƙarya yake yi ba, bakin wasu yake ara. In aka tsokane shi, sai ya ce, "Ni mai shago ne, ina na ga zaman karatu? Sai na huta."

Mai karatun gaske tana gida. Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki yana gindin taga a ɗakin zama. Ba ta yi nisa a makaranta ba, a hankali take karatu, leɓenta yana motsi, amma in ta kama littafi ba ta sakinsa. Da ta gama haɗa riga sai ta kakkaɓe zare daga cinyarta ta janyo littafi daga ƙarƙashin ƙyallaye.

To, a kowane kwali ba a rasa wanda ya lalace tun daga maɗaba'a: wani an ɗinke shi a juye, wani tawada ta cinye rabin shafi, wani kuwa babu shafukan ƙarshe gaba ɗaya. Waɗannan ba sa sayuwa, su ne Ya-Fito yake zubawa a leda ya kai gida.

"Malam," takan ce tana dariya, "wannan fa ana cikin shari'ar mutumin sai ga shi a jirgin ruwa da 'ya'ya manya. Yaya aka yi?"

"Ki cike da kanki mana, uwar yara. Ai kin fi marubucin kai."

Takan cike ɗin kuwa, ta ba 'yarsu labari tana ɗinki. Ba rowa ce ta sa shi haka ba. Mutum ne da bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, kuma ba ta taɓa neman yadi ko takalmi ya hana ta ba. Kawai dai a ransa, masu karatu su ne waɗanda ke tsayawa a gaban teburinsa. Ita kuwa matarsa ce.

Wata shekara aka fitar da wani labari da ya cika gari, na wata mata direbar babbar mota da ta shiga duniya neman ƙanenta. Wata da ta kawo ɗinki ta ba matar Ya-Fito labarin farkonsa ta tafi ta bar ta da ƙwaɗayi. Da ya dawo, ta kawo masa ruwa, ta zauna kusa da shi.

"Malam, akwai na direbar nan a wurinka?"

"Kamar ruwa ake sayensa."

"To ina so. Amma wannan karon mai lafiya, don Allah. Ina son in ga ƙarshensa da idona."

Ya yi dariya ya ce ta sa a ranta ta samu. Washegari kuwa ya ware ɗaya ya ɓoye a bayan kantar shagon. Kafin la'asar sauran suka ƙare, sai ga wani tsohon mai saye da zai yi tafiya, ya dinga magiya. Ya-Fito ba ya iya kallon mai saye ya fita hannu rabbana. Ya miƙa hannu bayan kanta ya ba shi, ya ce a ransa ai wani kwalin yana hanya. Kwalin ya yi jinkiri. Da ya iso, an riga an shiga hayaniyar littattafan komawa makaranta, maganar ta fita daga kansa. Ita kuma ba mai maimaita roƙo ba ce.

A cikin watannin nan ne ta fara kiran 'yarsu ta zura mata zare a allura. Daga nan ta fara kai littafi har jikin taga. Shi yana gani, ya ɗauka gajiya ce. Sai ranar da wata mata ta dawo da riga, ta shimfiɗa ta a gabansu, ɗinkin wuyan ya karkace kamar hanyar tururuwa, sannan hankalinsa ya tashi. A asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai taimaka ne kawai a riƙe ɗan abin da ya rage.

A hanyar komawa ya ce wa mai tasi ya tsaya a shago. Littafin direbar yana nan jere a kan kanta, har ya sauka daga teburin sababbi, ƙura ta fara hawa kansa. Ya goge ɗaya da hannun rigarsa, ya kai gida ya ɗora mata a cinya. Ta shafa bangon, ta sunsuna shi, ta buɗe, ta kai shi kusa, ta kai shi nesa.

"Malam, layukan gudu suke yi."

Ya karɓa ya fara karanta mata. Ashe mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana tallan littafi bai iya karatu a bayyane ba. Yana sauri inda ya kamata ya tsaya, yana tuntuɓe da sunaye. Kullum da yamma sai ya bar wa 'yarsu shago ya dawo ya ci gaba, har suka kai ƙarshe. A nan ya gane cewa labarin da ya yi ta gaya wa mutane wai na ban dariya ne, labarin baƙin ciki ne tun daga tsakiyarsa.

Da ya rufe littafin ta ce, "Na gode, Malam, ka yi ƙoƙari. Amma ba ɗaya ba ne. Ni ina son in tsaya inda nake so, in koma baya, in yi shiru da abina." Ba da ɗaci ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin wata ce. Da faɗa ta yi masa, da ya fi masa sauƙi. Sai ya tashi ya ɗauko mata maganin ido.

Yanzu 'yarsu ce ke riƙe da shagon, kuma ita tana karanta abin da take sayarwa. Wata yamma ta shigo da wani sabon littafin yara mai manyan baƙaƙe, labarin wata agwagwa mai tsoron ruwa.

"Mama, gwada wannan mu gani."

Uwar ta matsa gindin taga, ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta sa yatsa a ƙarƙashin layi. Leɓenta ya fara motsi. Ya-Fito yana zaune a kan kujerar keken ɗinkin da aka lulluɓe da tsohon zane. Ta daɗe a kan shafukan nan kaɗan. Da ta gama ta ɗago, idonta yana ruwa saboda wahalar dubawa, ta ce marubucin bai kyauta wa agwagwar ba, me ya sa sai an tura ta cikin tafkin da ƙarfi?

'Yar ta ce ai da ba a tura ta ba, da ba za ta taɓa shiga ba. Suka kama musu. Shi dai yana kallonsu, bai san labarin ba balle ya sa baki.