Matajin Lison

A garin Oyonnax aka haifi Ghislaine Monneret, a lokacin da kusan kowane gida ke da mai yanka mataji a masana'anta. Mahaifinta ma aikinsa ke nan, kuma a wurinsa ta koyi gane roba da hanci. Da ta girma sai ta kafa teburi a kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi, tana sayar da awarwaro da 'yan kunne na zamanin kakanni.

Idan aka kawo mata abu, takan murza shi da babban yatsa har ya yi ɗumi, sannan ta kai hanci. Kowace irin roba da nata warin. Bakelit warin maganin asibiti yake yi. Galalit da madara ake yin sa, in ya ji ruwan zafi sai ya yi ƙaurin madarar da ta kama tukunya. Seluloyid kuwa kafur yake ƙamshi, ga saurin kama wuta, kuma shi take tsoro. In ya tsufa ciwo yake kamawa: ya riƙa tsatsafo da ruwa mai tsami, ya tsattsage, ya lalata duk abin da ke kusa da shi. Kullum tana gaya wa masu saye kada su rufe shi, iska yake so.

'Ya ɗaya ta haifa, Lison. Ciwon huhu ya ɗauke ta tana da shekara talatin. Abin da ta bari a gaban madubi bai da yawa: jan awarwaro, sarƙa mai maƙalin tagulla, da wani mataji mai ruwan zuma wanda har yanzu akwai silin gashinta a haƙoransa. Duk suna ƙamshin man da take shafawa.

Ghislaine ba ta murza ko ɗaya ba, balle ta sa a ruwan zafi, don ƙamshin zai tafi. Da ido ta duba matajin ta ce galalit ne. Ta naɗe kayan a auduga, ta sa a gwangwanin biskit, ta liƙe murfin da salatif. Shekaru suka wuce ba ta buɗe ba, tana tattalin abin da ke ciki.

Sai hancinta ya fara mutuwa. Da farko kofi ne ya daina ƙamshi, daga baya miyar albasa ta ƙone a kan wuta tana zaune a gefe ba ta ji ba. Ta ce gara ta buɗe gwangwanin tun da sauran abin da za ta iya shaƙa. Ta buɗe, ta sa fuska a ciki, ba ta ji komai ba. Audugar dai ta yi rawaya.

Ranar Lahadi ta ɗauki gwangwanin zuwa kasuwa. Fernand, mai sayar da tsofaffin agogo a teburin da ke gefen nata, ya hango ta.

"Yau kuma biskit uwar hanci ta kawo mana? Ashe rowa na da ranar hutu."

"Kai dai tsoho, cikinka ka sani. Ara min hancinka."

"Wannan? Ai taba ta cinye rabinsa."

"Rabin ya ishe ni. Shaƙa ka gaya min abin da ka ji."

Ya sunkuya yana dariya, sai ya janye kai da sauri, yana murza ido.

"Kai! Kafur ne, da wani tsami mai hawa kai. Wane maƙiyin ne ya sayar miki da wannan?"

"Ba ƙamshin man gashi? Na lemo?"

Fernand ya dube ta, ya dubi silin gashin da ya leƙo daga audugar. Ya san Lison tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburan nan. Ya cire hularsa.

"Ghislaine, in kina so in ce akwai, sai in ce."

"Ba na so."

"To babu."

Ta ɗaga audugar a hankali. Matajin ya jiƙe kamar mai zufa, cikinsa ya tsattsage kamar ƙanƙara. Seluloyid ne. Maƙalin sarƙar ya yi kore, zarenta ya ruɓe, jan awarwaron ya dusashe a gefen da ya taɓa matajin. Ta san abin da ya rage, don ta sha gaya wa wasu. A raba mai ciwon da sauran, a wanke sauran da sabulu, ba tare da jinkiri ba.

"Bari in yar miki da shi," in ji Fernand. "Ba sai kin gani ba."

"Taɓa shi ka ga yadda zan yi da agogunanka."

Ba ta shimfiɗa kaya ba ranar. Ta koma gida ta wanke awarwaron da duwatsun sarƙar ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a kan tawul. Matajin kuwa ta ɗora shi a faranti a bakin taga, nesa da wuta, nesa da komai. Da ta zo zare gashin, haƙora biyu suka biyo shi, don haka ta bar sauran yadda suke.

Har yanzu tana zuwa kasuwa, amma in an kawo mata abu takan ce ba ta da tabbas. Matajin yana nan a tagar. In wani haƙori ya faɗi, takan bar shi a farantin.