Irin Gwaggo da Lemar Marigayi

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da abokina, a tsohuwar motarsa da sai an lallashe ta take tashi. Wurin gwaggona muka nufa, a wani ƙauye gaba da Shema. Tun rasuwar mijinta take riƙe da fadamarsa ta alkama, amma bana tsadar taki ta kai ta bango. Rabin buhu kawai ta samu, har ta fara maganar ba maƙwabci aron gonar. Ni kuwa na san ranar da ta saki gonar nan, ranar za ta tsufa.

A Kurfi muka karya kumallo. Ƙosai ya ƙanƙance ya koma kamar 'ya'yan carbi, amma koko na nan da zafinsa, mai sayarwar ma ta yi mana gyara.

Mun shiga Dutsin-Ma da hantsi, 'yan acaba na yi mana kallon masu tare hanya. Wani malamin aikin gona da muka yi makaranta tare ya ba mu ƙunshin baƙin gari kamar na gawayi. Ya ce ƙananan halittu ne masu rai a ciki, ido ba ya ganinsu. Suna zama a saiwar alkama, su jawo sinadari daga iska su mayar da shi abincin shuka. Ba sa kore taki gaba ɗaya, amma suna rage buƙatarsa. Sharaɗinsu ɗaya: kada rana ta buge su.

Gwaggo ta tarbe mu da fura da faɗan mun daɗe ba mu zo ba. A inuwar darbejiya muka yayyafa wa iri ruwan sukari, muka cuɗa shi da garin, muka raba ƙwarya biyu, muka tafi sallar azahar.

Muna dawowa na ga ƙwarya ɗaya a shanye kan tabarma, tsakiyar rana. Na faɗa wa Gwaggo sharaɗin tun farko, amma hannu ya riga kunne. Tun tana amarya, hatsin da ya jiƙa shanya shi ake yi. Ɗaya ƙwaryar ta tsira ne don babu wata tabarmar.

Da na sake yi mata bayani, sai ta dafe ƙirji. "Yo ɗan nan, ashe rai na kashe? Baƙi sun zo mani aiki, na gasa su?" Ta durƙusa tana tattara irin da hannu biyu, tana istigfari. Na so in yi dariya, sai na ji ƙwalla ta riga ni.

Ita ta yanke shawara. Rabin buhun takinta zai fi karkata ga irin da ya sha rana, ɗayan ɓangaren a taɓa masa kaɗan, baƙi su ƙarasa. Ta aika wa maƙwabcin cewa bana dai ya yi haƙuri.

Da za mu fadama, ta shiga ɗaki ta fito da lemar marigayi, wadda ba a buɗe ba tun rasuwarsa. Ta rungume ƙwaryar da ta tsira a gefenta, ta karkata lemar kan irin, ita kuwa rana na dukan ƙeyarta har bakin gona.

Mun iso Katsina da magariba, ƙafafu duk laka. Na tafi da niyyar koya wa Gwaggo sabon noma, na dawo da tunanin yadda ake karɓar baƙo, ko da ido bai gan shi ba. Allah ya raya alkamar nan, ya bar min Gwaggo a gonarta.