Datti da Littafin Mai Babur

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Bunkure ya san Datti. Mutum ne mai gaggawa, ko gaisuwa a tsaitsaye yake yin ta, idonsa na kan hanyar gona. Tun da aka haƙa magudanan ruwa aka fara noman rani bai huta ba: alkama, tumatir, daga baya shinkafa. Da su ya yi rufin kwano, ya sauke farali, ya kai 'yarsa Aziza har jami'a.

Mahaifinsa, Malam Ibrahimu, shi kuwa rumbun labari ne. Ya san daga ina kakanninsu suka taso, wa ya haifi wa, da inda tsohuwar unguwarsu take kafin a baje ta a fitar da filayen ban-ruwa. A farkon aikin, wani Bature ɗan bincike ya yi ta zuwa wurinsa, su zauna a gindin durumi da rikoda a tsakaninsu. Mutanen gari suka sa masa Mai Babur, don a kan babur yake zuwa, ba wanda ya damu da sunansa na yanka. In tsohon ya ce, "Datti, zo ka zauna ka ji," sai ya ce, "Baba, yau ranar ruwanmu ce. Ai ga shi ana ɗauka, duk zai shiga littafi." Da wannan magana ya yi ta zillewa har Allah ya karɓi ran tsohon.

A shekarar 2004 aka ba Aziza aikin rubuta tarihin zuriyarsu. Da ta tambayi Datti, ko gezau bai yi ba. Ya ce komai na nan a ajiye. Ya bar tumatir ya nuna a gona, abin da bai taɓa yi ba, ya bi ta zuwa Kano don ya ji maganar ubansa.

A ƙofar laburaren jami'a sai da ta hana shi cire takalmi, don shirun wurin ya sa ya ɗauka haka ladabin yake. Ma'aikacin sashen tarihi, wani mutumin Filato mai suna Titus, ya tarbe su.

"Baba, mene ne sunan marubucin?"

"Mai Babur."

Aziza ta sunkuyar da kai. Titus bai yi dariya ba. Ya nuna masa durowoyin katuna, ya ce da sunan marubuci aka jera su, amma akwai wasu da aka jera bisa abin da littafi ya ƙunsa. Shi da Aziza suka yi ta bi: Kano, ban-ruwa, alkama. Datti na tsaye a kansu kamar mai jiran a buɗe masa ruwa. Dab da la'asar suka zaro wani baƙin kundi mai kauri, a ciki har da hoton durumin garinsu.

Aziza ta yi ta juya shafi. Buhu nawa eka ke bayarwa, taki, irin alkama, rabon ruwa.

"Wuce nan," in ji Datti. "Je ki wurin kakanni."

"Baba, babu."

Ta koma farko, shafin godiya, ta fassara masa a hankali. Baturen yana gode wa Malam Ibrahimu, wanda ya ba shi labaran asalin mutanensa masu yawan gaske, sai dai binciken na noma ne, ba shi da wurin sa su. Kaset ɗin kuwa, Titus ya ce irinsu masu bincike kan tafi da su ƙasarsu, nan ba a bar ko ɗaya ba.

Datti ya nemi kujera. Nadama ta kama shi, irin wadda ba a iya ɗora wa kowa laifinta. Baturen bai yi masa ƙarya ba, tsohon ma ya kira shi iya kira.

Aziza ta ji tausayinsa, ta ciro biro. "To Baba, mu fara da abin da ka riƙe."

Ya faɗi sunan kakansa. Ta rubuta, ta ɗago kai tana jiran na gaba. Daga nan babu, kuma duk garin ba sauran wanda za a tambaya.