Lambar da Ba Mu Muka Sa Ba

Shekarar da hukumarmu ta tare a sabon gininta, kuɗin mai na shigowa, kowane ofishi a Abuja yana sayen abin da ya sani da wanda bai sani ba. Mu suwic aka kawo mana sababbi fil, ɗaya a kowane bene, wato akwatunan nan da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsu. Ɗan kwangila ya kafa, ya jona, ya yi gaba.

Mu biyu ne a sashen. Ni da ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, sai wani dattijo mutumin Filato da ya fara aiki tun hukumar tana haya a Wuse. Oga nake ce masa, shi kuma Injiniya yake ce mini, ban taɓa gane ko girmamawa ce ko zolaya ba. Hausarsa irin ta Abuja ce, "kai" yake ce mini ko ina sanye da mayafi har ƙasa.

Ni na kawo shawarar a ware hanyar da za mu riƙa shiga suwic ɗin muna saita su, don kada duk wanda ya soka waya a bango ya iya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Bilan muke kiran irin wannan hanya. Waya ɗaya ce ke hawa daga bene zuwa bene, amma kowane saƙo da zai bi ta sai an maƙala masa lamba, suwic na gaba ya duba lambar ya san inda zai kai shi. Oga bai hana ba. Ya dai tambaye ni wa ya ce in yi, kuma me ya sa sai yanzu. Na riƙe tambayar a raina.

Wata Asabar da hantsi na zo da laftof ɗina, na fara daga ƙasa. Na buɗe sabuwar hanyar, na ba suwic ɗin adireshinsa a cikinta, sannan na je bakin wayar da ke hawa sama don in sa lambata cikin waɗanda aka yarda su wuce. Nan na ga wata lamba ta riga ni, ba suna, ba bayani. Na hau bene na gaba, tana nan. Haka na yi ta hawa ina tarar da ita a kowace gaɓa, har benen ƙarshe, inda ta ƙare a wata kafa guda ta jikin suwic wadda wayarta ta shige cikin silin. Ɗaya ƙarshen kuma yana can ƙasa, daidai na'urar da ke fitar da mu intanet. Wani ya shimfiɗa wa kansa hanya daga rufin gininmu zuwa waje, kuma ya iya aikinsa.

Na kira Oga a waya. Ya ce bai sani ba, amma ya faɗa da sauri, tun ban gama bayani ba. Na gama aikina, na cire baƙuwar lambar daga wayar ƙasa, na ce bari in ga wanda zai yi kuka.

Litinin ba wanda ya yi kuka. Talata na duba, lambar ta dawo.

A sanina mu biyu ne kawai ke da kalmar sirri. Daga ranar na fara lura da Oga: yadda yake juya fuskar kwamfutarsa in na shigo, yadda yake fita baranda in zai amsa waya. Na daina barin laftof ɗina a buɗe ko alwala zan je. Shi ma ya daina miƙo mini gyaɗar da ya saba ajiyewa a durowa. A koriyar tasi ta komawa gida, ba abin da nake lissafawa sai wanda zai iya sayen takardun hukumarmu.

Shi ya fara fasa maganar. Ya rufe ƙofa, ya zauna a gefen teburina.

"Injiniya, ka faɗa mini gaskiya. Darakta ne ya kawo ka nan ka riƙa duba mu?"

Ashe a ofis ana ta raɗe-raɗin ni 'yar garinsu Darakta ce, an dasa ni ne in riƙa kai rahoto. Shi a tunaninsa ni na sa lambar, na cire, na mayar, don in ɗora masa. Na ce masa ni ma abin da nake zarginsa da shi ke nan. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Muka yi abin da mutanen da ba su yarda da juna ba za su iya yi. Muka sauya kalmar sirri, ya buga rabi na kau da kai, na buga rabi ya kau da kai. Muka kulle suwic ɗin ta yadda ba za su saurari kowa ba sai ta sabuwar hanyar, ita ma daga kafar da ke ofishinmu kaɗai. Sannan muka sake cire lambar, yana tsaye a kaina.

Washegari kafin azahar sai ga mataimakin Darakta na musamman, da ɗan kwangilar nan a bayansa yana share gumi. Ɗan kwangilar ya ce kalmarsa ta sirri ta daina aiki. Ashe bai taɓa miƙa duk makullan ba, kuma shi ya shigo ya mayar da lambar. Mataimakin ya rage murya ya ce mai gida, wato Darakta, ba ya ganin ofis daga gida, a gyara yanzu.

"Ganin me?" in ji Oga.

Ɗan kwangilar ya ɗaga ido ya kalli silin, ya yi maza ya sauke.

Umarni ne, muka mayar da lambar, kowa ya buga rabinsa. Kalmar sirrin dai ba mu ba su ba. Da suka fita, Oga ya taka kujera ya leƙa farin abin nan da ke saman ƙofarmu, wanda muka ɗauka na gane hayaƙi ne. Akwai ɗan gilashi a tsakiyarsa kamar ƙwayar gero, idon kyamara. Ya sauko a hankali ya ce in yi shiru da bakina, shi ya kusa ritaya.

Ban yi shirun ba gaba ɗaya. Na gaya wa matan da ke ɗakin fayil, domin a nan muke cire mayafi mu sha iska, kuma can ma akwai irin farin abin a silin. Suka ce ai gwajin su nake yi, a ji wa zai zagi Darakta. Amma kafin mako ya ƙare duk mun koma yin salla da cin abinci a ƙarƙashin matakala, bayan na duba silin ɗin wurin da kaina.