Shuɗin Layi a Gonar Kawu

Shekarar da damina ta sake yi mana rowa, na je Gangara da kwamfutar aiki a jaka. Ina karatun ƙasa da ruwa a lokacin. Aikina shi ne in zuba wa na'urar taswirar tudu da kwari da irin ƙasar wurin, ita kuma ta zana mini inda ruwan sama zai bi in ya sauka, da inda zai ci ƙasa. Hanyoyin ruwan da shuɗi take zana su.

A gidan Kawu, yayan mahaifiyata, na sauka. Mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf, bai bar ni na huta ba sai da na buɗe masa taswirar. Ya gane gonarsa da tsamiyar da ke gefenta. Shuɗin layi ya ratsa ta tsakiya.

"Ɗiyata, wanga mi na?"

"Ruwa ne, Kawu. Nan zai bi."

Ya yi hamdala. Maƙwabta suka taru suna yi masa barka, waɗanda ba shuɗi a gonakinsu suka koma jiki a sanyaye. Na yi bayani, na ce wucewa ruwan zai yi da gudu, ƙasar ta bushe ta yi tauri, ba ciyawar da za ta riƙe shi. Amma wanda ya shekara yana kallon sama, kalmar ruwa kaɗai kunnensa ke ɗauka.

Tiya kaɗan ta irin gero ta rage masa, wadda ya hana a daka ko da yunwa ta matsa. Kafin in farga ya yi bizne da ita, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ya bar ta tana jiran ruwa, kuma bin layin nan ya yi sak. Raina ya ɓaci, na yi masa faɗa kamar ba kawuna ba. Daga baya tausayinsa ya kama ni. Abin da aka binne ba ya tonuwa, sai muka jera duwatsu a gicciye don su rage gudun ruwa, iya abin da hannu ya samu.

Ruwan ya zo a rana ɗaya, kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke muka je gona. Duwatsun sun watse, kwazazzabo ya buɗe baki daidai inda na'urar ta zana. Ban taɓa jin haushin aikina ya yi daidai ba sai ranar.

Kawu ya leƙa cikin kwazazzabon. Na zaci zai yi kuka.

"Injin naki bai yi ƙarya ba," ya ce. "To duba mani, ina ruwan yak kai ƙasar?"

Muka koma gida na duba. Taswirar ta nuna wani kwari can ƙasa, inda gudun ruwa ke mutuwa ya zube abin da ya kwaso, ƙasa da iri. Kusa da rugar wani Bafulatani ne, abokin wasan Kawu.

Kawu ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa.

"Za ni in gaya mashi ya kau da shanunai daga can. Hatsi za shi hito."