Rakiyar da ban yi wa Kawu ba

Kawuna ne ya fara kawo ni Guangzhou fataucin jakunkuna, lokacin jirage na sauka a tsohon filin nan na cikin gari. In jirgi ya sunkuyo, har shanyar mutane kake hangowa a saman benaye. Wani dattijo direban tasi ya taɓa gaya mana, rabi da baki rabi da hannu, cewa sojoji ne suka share filin, jiragen yaƙi ne suka fara tashi a kansa. Kawu ya ce, "To, yanzu kuma yaƙin jakunkunan mata ake yi."

Kawu yana da doka ɗaya. Duk ɗan gida da zai koma Kano, sai mun raka shi tun daga unguwarmu ta Xiaobei, kuma ba a juyowa daga bakin ƙofa. Zagayawa muke yi bayan filin, mu tsaya jikin shingen waya har jirgin ya ɓace. Ni kam haushi nake ji, ga zafi, ga ƙara mai toshe kunne. In na fara motsi sai ya riƙe min hannun riga ya ce, "Ina za ka? Ai ina ganinsa har yanzu."

Ranar da shi zai tafi ina garin Shiling wajen masu jaka. Na buga masa waya.

"Kawu, ka yi haƙuri, lawban mai shagon bai fito da kayan ba."

"Ba komai, ɗana. Sai na dawo."

Kaya kuwa sun fito tun hantsi. Tsayuwar ranar nan ce kawai nake gudu. Ciwo ya kwantar da shi a Kano, bai sake zuwa ba. Mutumin da ya raka kowa, shi kaɗai ya tafi ba mai kallon jirginsa. Abin yana cina har yau.

An daɗe da mayar da filin can bayan gari. Kwanaki na shiga jirgin ƙasa na je tsohon wurin. Benaye ne da lambu, tsofaffi na motsa jiki inda tayoyin jirage ke sauka a da. Na yi wa wata mai shara alamar jirgi da hannu. Ta yi dariya ta ce, "Meyo." Babu.

Na kintaci inda shingen wayar yake a da na tsaya. Can sama wani jirgi ya gifta, ƙarami, ban san inda ya nufa ba. Rana na dukana, ban motsa ba sai da na daina ganinsa. Na ce, "Kawu, Allah ya kiyaye hanya."