Shatin Yatsan Hamma Buba a Kafaɗata

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba, kofur ɗin soja da ya baro ƙafafunsa biyu a yaƙin basasa. Har yau in aka ce zaɓe ya matso, sai in riƙa tunawa da shi.

A zaɓen farko da soja suka mayar wa farar hula mulki, ni na tura kekensa daga gidanmu na unguwar Shamaki zuwa firamaren da aka kai akwatin zaɓe. Tun a hanya nake ta saƙe-saƙe: ko a rasa sunansa, ko taya ta sace, ko a tashi kafin layi ya zo kanmu. Abin da ya faru kuwa ban taɓa kawo shi a raina ba. Hamma ya miƙa katinsa a bakin ƙofa, ɗan sandan da ke gadi ko kallon hannun bai yi ba, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, yau ba ranar bara ba ce."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na raɗa masa mu koma gida, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ya ce, "Manu, ranar da suke neman soja ba wanda ya ba ni haƙuri."

Ɗan sanda ya kauce a kunyace. Amma dakalin ajin ya fi ƙarfin keke, akwati kuma yana can kan tebur, malamin zaɓe ya ce doka ta hana a motsa shi. "Kofur, faɗa mini gwaninka in dangwala maka." Hamma ya ƙi. La'asar ta yi, 'yan layi sun fara tsaki. Sai na durƙusa na goya shi. Ya ce in rufe ido. Ya dangwala, ya jefa, ya dafa kafaɗata da yatsa mai tawada, shatin ya fito a farar rigata.

Yanzu ana cewa an yi wa naƙasassu tanadi. Kwanan baya na je na duba, dakalin yana nan yadda muka bar shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da Hamma zai ga sojojin da ke dawowa daga daji yau da sanduna a hammata, na san tambayarsa: wanda ba shi da ƙane fa, wa zai goya shi?

Ni mutum ne da ɗigon miya a riga ke hana ni sukuni, amma farar rigar nan ba ta sake ganin sabulu ba. Allah ya jiƙan Hamma. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai gaya mini wanda ya zaɓa ba, ni kuwa Allah ya sani ban buɗe ido ba.